Yadda na tsallake kwamfaresar esi da gajeren fambel

Muna dawowa daga kasuwar Gujungu da yammacin wata rana a tsakiyar bazara, motata 'yar Kwatano cike da buhunan gero, sai na ji wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a gaban inji, warin ƙonannen roba ya biyo baya. Da na ɗaga bonet na tarar fulin kwamfaresar esi, wato faifan da fambel ke juyawa, ya yi zafi har fentinsa ya tashi, gefen fambel kuma ya fara zarewa. Abin ya ɗaure mini kai, domin na fi shekara ban kunna esi ba.

Washegari a Ringim wani dattijon makanike ya warware mini. Ya ce, "Malam, ko ka kunna ko ba ka kunna ba, muddin inji na aiki fulin nan yana juyawa a kan boris ɗinsa, kuma boris ɗin ne ya ci." A motata fambel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon sitiyari da famfon ruwa, saboda haka ranar da fulin ya cije ya tsinke shi, batir zai daina caji, sitiyari ya yi nauyi, ruwan lagireto ya tafasa cikin 'yan mintuna. Kuɗin wata kwamfaresar ya fi ƙarfina a lokacin da ake shirin sayen taki, sai muka tsayar da shawarar neman gajeren fambel da zai bi ta sauran fulolin ya bar nata a gefe.

Kafin mu kwance komai na zana hanyar tsohon fambel a bayan kwali, kuma wannan zanen ya yi mini rana. Fambel yana da fuska biyu, mai tsaga-tsaga da mai santsi, kuma dole kowane fuli ya ci gaba da haɗuwa da fuskar da ya saba, musamman famfon ruwa, wanda idan aka juya shi ta baibai inji zai yi zafi alhali ana ganin komai na tafiya. Rubutun jikin tsohon ya nuna 6PK1880, wato tsaga 6 da tsawon milimita 1880. Yawan tsagar ba ya canzawa, tsawon kaɗai ake nema.

A nan na yi kuskure. Na zagaya igiyar ɗaurin buhu ta sabuwar hanyar na auna, ban lura cewa ajasta, wato na'urar da ke ɗaure fambel, tana sake gaba ɗaya ba, igiyar kuma tana miƙewa idan an ja ta. Fambel ɗin da na aika aka sayo mini daga Ƙofar Ruwa a Kano ya zo da tsawo, ya hau kamar hular aro, ajasta ta kai ƙarshenta bai ɗaure ba. Sai dattijon ya ɗauki tsohon fambel ɗin ya yanke shi, ya sa yaronsa ya danne ajasta da sufana zuwa tsakiyar tafiyarta, ya zagaya shi cikin tsagar fulolin, ya yi alama da alli inda bakin biyu suka haɗu. Bambancin awonsa da nawa bai kai faɗin yatsu biyu ba, amma shi ne ya jawo mini asarar kwana 3 da kuɗin mota sau biyu.

Da na biyun ya zo muka ɗaura, muka duba ratar da ke tsakaninsa da mataccen fulin, wadda ɗan yatsana ke shiga a sake. Ba kowace mota ce ke ba da wannan ratar ba; a wasu dole a cire kwamfaresar a kafa fuli na banza a gurbinta. Muka zare wayar da ke kai wa kwamfaresar wuta, muka naɗe bakinta da salatif. Yaron ya so ya kwance bututun gas, na hana shi, domin da zarar an buɗe su ƙura da danshi za su shiga, gyaran gaba ya ninka tsada. Muka tayar da inji, muka kunna fitilu, muka murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, fambel bai yi kuka ba, fitilar batir ba ta kama ba.

Wahalar da ban yi tsammani ba sai da damina ta zo. Idan ruwa ya sauko aka rufe tagogi, gilashin gaba yakan yi hazo daga ciki, domin esi ne ke busar da iskar cikin mota, yanzu kuwa sai na ajiye tsumma kusa da giya, na kuma bar taga a ɗan buɗe. Kwalin zanen da lambar asalin fambel ɗin suna nan a aljihun mota, kuma idan Allah ya kai mu kaka na sayar da riɗi, zan kai kwamfaresar a duba ko boris kaɗai za a sauya.