Galan uku na gamalin da na gāda a siton Baba

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba, yayyena suka miƙa mini makullin siton wake, tunda ni na tashi a gindinsa a wannan sana'a. Ranar da na buɗe don shara, can lungu bayan tsofaffin buhuna na tarar da galan uku na gamalin, wani maganin kashe ƙwari. Ɗaya ya yi tsatsa har ya fara yoyo, daɓen wurin ya yi baƙi, warin kuwa har cikin maƙogwaro.

Na san warin nan tun ina yaro. Da kaka idan an shigo da wake, mukan yayyafa maganin mu cakuɗa da hannu, babu safa babu takunkumi, mu ɗinke buhu. Da daddare kai ya yi ta sara, mu ce gajiya ce. Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa nufin cutar da kowa ba. Abin da ya sani shi ne ƙwaro na iya mayar da jarin shekara gari cikin 'yan watanni.

Niyyata in kwashe galan ɗin in tuttule a kwalbatin bayan kasuwa, in cinna wa buhunan wuta. Allah ya kawo wani malamin gona, abokin Baba, ya zo yi mana gaisuwa. Da ya ga abin da nake shirin yi sai ya riƙe hannuna.

"Ɗana, wannan kwalbati ina take kai ruwa?"

"Rafi, Malam."

"To, a rafin nan wa ke kamun kifi, wa ke shayar da shanu?"

Muka zauna a kan tabarma ya warware mini. Sinadarin da ke cikin gamalin sunansa lindane, danginsu ɗaya da wasu magungunan ƙwari irin su DDT da aldrin da dieldrin da endosulfan. Abin da ya haɗa su shi ne taurin kai: ba sa ruɓewa da wuri, wasu sukan yi shekaru a cikin ƙasa. Ba sa son ruwa, kitse suke bi. Ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya haɗiye ƙarami, mutum ya ci babba, kowane mataki gubar na ƙara taruwa, har ta kai ga nonon uwa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne zancen iska. Zafi irin namu yana sa waɗannan magunguna su tashi kamar tururi, iska ta ɗauke su, su sauka inda aka sami sanyi, su sake tashi, su sake sauka, kamar tsallen fara, har su dangana da ƙarshen arewacin duniya. Mutanen Inuit na arewacin Kanada, masu rayuwa cikin ƙanƙara, waɗanda ba su da gonar wake balle sito, an sami irin waɗannan sinadarai a nonon matansu, saboda abincinsu kitsen dabbobin teku ne. Na daɗe ina kallon baƙin daɓen nan. A da ina ɗauka ruwanmu ne mu kaɗai da mai sayen wakenmu.

Daga baya na bi diddigi da kaina. A 2001 ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Stockholm ta hana ko taƙaita amfani da irin waɗannan sinadarai guda goma sha biyu, aka ƙara lindane a 2009, endosulfan a 2011. DDT an bar masa ƙofa ɗaya, ta feshin sauro a cikin ɗaki saboda zazzaɓin cizon sauro. A nan gida Najeriya hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta haramta lindane tun 2008, sannan a 2015 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo daji ga ɗan Adam. Wani abin takaici, duk tan ɗaya na lindane da masana'anta ta fitar, sai ta bar tan shida zuwa goma na dattin sinadari, kuma yawancinsa yana nan jibge a ƙasashen da aka yi shi.

Ga yadda muka yi da galan ɗin namu. Malam ya hana ƙonawa, don hayaƙin shi ma guba ne, ya hana binnewa saboda rijiyoyin unguwa. Muka sa safar roba, muka zuba yashi ya tsotse yoyon, muka kankare saman daɓen, muka haɗa da galan ɗin da buhunan cikin durom mai murfi, muka rubuta "GUBA" da jan fenti. Na kai rahoto wani ofishi sau uku, kullum sai a ce in dawo. Wannan ya ƙona mini rai, domin an hana mu amfani da abu amma ba a nuna mana inda za mu kai ragowarsa ba.

Waken kuwa na koma buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, har da na Maraɗi. Babu magani ko ɗigo. Ƙwaron ne ke cinye iskar da ke ciki ya mutu. Shekarar farko na yi asarar buhu huɗu: biyu na ɗaure ledojin a haɗe maimakon kowace daban, biyu ɓera ya huda don na jingina su da bango. Yanzu nakan busar da wake sosai, in hura kowace leda in duba huji, in ɗora buhunan a kan katako, ba na kwancewa sai ranar sayarwa.

Durom ɗin yana nan a ɗakin da babu mai shiga, a kan siminti, nesa da rana. Duk ƙarshen damina nakan buɗe ƙofa in duba gindinsa ko ya fara tsatsa, kuma na nuna wa babban ɗana inda makullin yake da abin da ke ciki.