Salansar tirela: kada a yanka fileks sai iska ta cika

Fileks ɗin, wato guntun bututun salansa mai lanƙwasuwa da miƙewa, da na ɗaura wa wata tirela mai dogayen bututun hayaƙi biyu bai je ko'ina ba ya yage, kuma har yanzu abin yana ci mini rai, domin kayan ba su da aibu. Awo ne ya ci amanata. Motar ta kwana biyu a ajiye, iska ta tsiyaye daga tanki, balan-balan ɗin da ke ɗauke da ɗakin direba sun saki, ɗakin ya zauna ƙasa. A haka na auna, na yanka, na ɗaure komai tsaf. Da aka tayar da inji iska ta cika, ɗakin ya ɗago ya ja bututun sama, fileks ya miƙe iya miƙewarsa. Daga nan kowane rami motar ta faɗa, ƙarfen ne ke karɓar dukan.

Salansar babbar mota tana maƙale ne da abubuwa uku da ba sa motsi tare. Inji yana kan robobinsa yana karkarwa, shasi yana murɗawa idan an yi lodi, ɗakin direba kuma yana lilo a kan iska. Fileks ne ke shanye wannan saɓani, kuma ba zai iya ba sai an bar masa wurin miƙewa da wurin tsukewa. Shi ya sa ake matse shi gaba ɗaya a auna, a ja shi gaba ɗaya a sake aunawa, sannan a ɗaura shi a tsakiyar tsawon biyun. Amma tsakiyar nan ba ta da amfani idan motar ba a tsayinta na tafiya take ba. A tayar da inji, a jira gejin iska ya cika, a tabbatar ɗakin ya tashi, sannan a ɗauko tef. Kuma kada a bar fileks ya ɗauki nauyin komai. Kowane ɓangare nasa ya kasance akwai mariƙi da ke tallafe da bututun. Ba a kuma maishe shi gwiwa, wato lanƙwasasshen bututun kwana, don a kauce wa sayen gwiwa.

Ɓarnar tsagewar fileks ɗin waccan tirelar ba a nan ta tsaya ba. Hayaƙi mai zafi ya riƙa fesowa kan tiyon iskar birki, wanda na roba ne, har ya yi laushi ya fara huci. Kunkunniya ta yi baƙin zane a jikin shasi, direba kuma yana shaƙar hayaƙi a wurin kwanansa. Kuɗin fileks ba komai ba ne a kan tiyo da wayoyin da aka canja da ranakun da mota ta yi ba aiki. Tun daga nan ba na sallamar mota sai na bi duk tiyo da wayar da ke kusa da bututu na janye su, inda ba su janyuwa in sa farantin kare zafi.

Wajen saye kuwa, inda aka fi tafka asara shi ne faɗin bututu. Yawancin tireloli inci 5 ne, wato milimita 127, wasu inci 4, amma "inci 5" iri biyu ne: awon waje da awon ciki. Bututun da bakinsa ke da inci 5 ta ciki shi ke haɗiye mai inci 5 ta waje. Idan duka biyun awon waje ne, baki da baki za su haɗu, kuma maɗaurinsu daban ne. Maɗaurin haɗin da ɗaya ya shige cikin ɗaya yana da ɗan tudu a tsakiya, na baki da baki kuwa shafe yake. Aka musanya su, ko an ɗaure noti har ya yi ƙara sai ya yi yoyo. Maɗauri mai siffar U ba na ƙaunarsa a kan fileks ko bututun kurom, saboda yana lotsa ƙarfe, ranar kwancewa sai an yanka. A bakin turbo kuma, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta cusa wa inji iska, maɗauri mai ramin V ne, kuma sabo ake sawa.

Gwiwa ma a leƙa cikinta. Wadda aka lanƙwasa ta tsuke ko ta yi tamoji tana danne hayaƙi. Injinan da ba su da matatar hayaƙi yawanci ba sa son matsin da ke komowa ya wuce kimanin kPa 10 a ma'aunin matsi, amma adadin kowane inji yana cikin littafinsa. Dogon bututu mai faɗin inci 7 ko 8 ado ne; in hanyar da ke ƙasa inci 5 ce, ba zai ƙara wa inji ƙarfi ba, nauyi kawai zai ƙara wa mariƙi. A auna tsayinsa daga ƙasa, nan ma da iska cike, domin iyakar tsayin mota a yawancin jihohin Amurka ƙafa 13 da inci 6 ce, a galibin Turai mita 4.

Sababbin motoci ba sa yafe ganganci. Tun 2007 injinan manyan motoci a Amurka ke zuwa da matatar DPF mai tare kunkunniyar hayaƙi, daga 2010 kuma yawancinsu da na'urar SCR mai tsaftace hayaƙi da ruwan yuriya, haka ma motocin Turai masu bin ƙa'idar hayaƙi ta Euro VI. Cire su laifi ne a can. Lokacin da matatar ke ƙone kunkunniyar da ta tara, zafi yana kai wa wajen digiri 600 a ma'aunin Salsiyas, don haka duk abin da ke tsakanin turbo da matata ya zama daidai da na asali, mara yoyo ko kaɗan. Fileks na gama-gari ba wurinsa ba ne. Bayan inda ake fesa yuriya kuwa sai ƙarfe mara tsatsa, don mai rufin alminiyam cinyewa yake yi. Maganaɗisu yana taimakawa wajen tantance nau'in ƙarfe mara tsatsa: yana kama samfuri mai lamba 409, ba ya kama mai lamba 304 sosai.

Wajen ɗaurawa, daga turbo nake farawa in yi baya, ina jera komai sako-sako, ba na ƙarasa ɗaure ko noti ɗaya sai kowane haɗi ya zauna da kansa ba tare da an tanƙwara shi ba. Bututun da bakinsa ke kallon sama yana bukatar murfin ruwan sama ko ƙaramar huda a ƙasan gwiwa, in ba haka ba ruwa ya taru ya fesa baƙin ruwa a jikin mota. Bayan tafiyar farko, in ƙarfe ya huce, a sake bin notuna. Ni kuma ina ƙarawa da shata alli a bakin fileks ɗin, in sa a saki iskar ɗakin direba a sake cikawa ina tsugune ina kallo. In na ga ya kai ƙarshen miƙewarsa a sama ko ya cushe a ƙasa, kwancewa nake yi in sake yanka wani.