Kasuwar Tsofaffin Babura a Ohayo

Ban daɗe da dawowa daga Amurka ba, kuma gara in rubuta wannan tun lambobin suna kaina. Abin da ya kai ni jihar Ohayo taron tsofaffin babura ne da ƙungiyar masu babura ta ƙasar, AMA, take shiryawa duk shekara cikin watan Yuli a filin tsere na Mid-Ohio, kusa da garin Lexington. Daga Kolombus, babban birnin jihar, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota ta arewa, gonakin masara hagu da dama.

Ana tsere a wurin, amma ni kasuwar gwanjon ce ta riƙe ni. Fili ne fetal na ciyawa, layi bayan layi, kowa ya ajiye motarsa ya baje ƙarafa a ƙasa: tankuna, salansa, kafireta cike da bokiti, injuna da tsatsa ta ci. Akwai Bultaco da Ossa da Montesa na Sifen, Maico na Jamus, Husqvarna na Suwidin, CZ na tsohuwar Cekosulobakiya. Babur ɗin da mutanen wurin suke ji da shi shi ne Penton, domin John Penton ɗan jihar ne, daga Amherst, kuma shi ya sa kamfanin KTM na Ostiriya ya fara ƙera masa baburan jeji a 1968. Na ga Honda Elsinore CR250M na 1973 da tankinsa na alminiyom, mutane sun zagaye shi ba mai taɓawa. Ni dai Yamaha na je nema, cikin dangin da DT-1 mai 246cc ya buɗe wa hanya a 1968: AT-1 mai 125, CT-1 mai 175, RT-1 mai 360. Injin bugu biyu ne duka, silinda ɗaya, sanyin iska, babu abin da ya fi ƙarfin sifana da haƙuri.

Cinikinsu ya ba ni mamaki. Babu gaisuwa, babu tambayar gajiya. Farashi yana rubuce a guntun salatif a kan tanki, mai kaya yana zaune a kujera yana kallonka, idan ka taya ƙasa ya girgiza kai kawai. Da farko na ɗauka wulaƙanci ne, daga baya na ga alherin da ke ciki: za ka durƙusa da tocila ka yi rabin awa kana duba babur, ba wanda zai tsaya a kanka yana rantsuwa cewa jiya aka sauke shi daga kan hanya.

Babur na farko da ya ja ni an rubuta masa 175, fenti sabo, kujera sabuwa. Tanki da kujera da murfin gefe ba su shaida komai, noti biyu ko uku ne ke riƙe da su, kuma cikin shekara 50 sun sha canza gida. Shaida tana wuri biyu: lambar firam a wuyan sitiyari, da lambar inji a saman akwatin inji. Lamba mai harufa 17 da aka saba gani yau sai 1981 ta zama doka a Amurka, kafin nan kowane kamfani da tsarinsa. Yamaha na wancan zamani suna fara lambar da sunan samfurin, DT1 ko CT1 ko AT1, kuma lambar firam da ta inji iri ɗaya suke fitowa daga masana'anta. Bultaco kuwa B ne a gaban ta firam, M a gaban ta inji, sai lambar samfuri. Da na goge maiƙon wuyan wannan babur, AT1 na gani. A gindin silinda kuma an zuba 171cc. Wato firam da ƙasan inji na 125 ne, aka ɗora masa saman 175. Abu ne mai yiwuwa domin tafiyar fistin ɗinsu ɗaya ce, milimita 50, faɗin silinda ne ya bambanta, 56 da 66. Babur ne da zai yi tafiya, amma ba CT-1 ba ne, kuma bai kai kuɗin CT-1 ba. Ko ba a duba lamba ba, gefen hagu na injin zai tona asiri: AT-1 na hanya yana da sitata da wutar bolt 12, CT-1 kuwa kik ne kawai da maganeto mai bolt 6. Na nuna wa mai shi, ya ɗaga kafaɗa ya ce haka ya saye shi. Na yarda da shi, amma bai rage ko dala ɗaya ba.

Akwai wata alama da take raba shekaru cikin sauƙi. Har zuwa 1971 kafireta tana manne da silinda kai tsaye, fistin ne ke buɗe ƙofar shigar mai ya rufe. Daga 1972, a CT-2 da DT-2, Yamaha suka sa bawul mai harsuna tsakanin kafireta da silinda, za ka ga ɗan akwati mai kusurwa huɗu a bayan silindar. Fistin na inji mai bawul da na marar bawul ba ɗaya ba ne, kuma nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Lambar kayan gyara ma tana taimako: ukun farko na samfuri ne, 214 na DT-1, 248 na AT-1, 251 na CT-1.

Wanda na saya yana can ƙarshen layi, jingine da tirela, mummuna ƙwarai. Kujera ta yage, taya ta bushe ta tsattsage, tanki ya koɗe. Amma lambobinsa biyu CT1 ne kuma sun dace da juna, famfon baƙin mai yana wurinsa, salansa ta asali ce ba a yanka ta ba, kuma da na danna kik a hankali da hannu na ji fistin yana motsi yana turjewa. Mai shi dattijo ne mai farar gemu, ya rubuta dala 900. Na lissafa masa abin da ya ɓace, fitilar baya, agogon gudu, murfin batir, ya saurara har na gama, muka tsaya a 600. Ba shi da takardar mallaka ta hukuma, kamar yawancin baburan jeji a can, sai ya rubuta mini takardar ciniki da lambar firam da sa hannunsa. Duk mai saye kada ya bar wurin ba tare da ita ba.

Na nemi fetur in ji kukan injin. A wajenmu mai saye ba ya ciro kuɗi sai ya ji inji ya tashi, kuma makanikin da ya tayar da mataccen babur nan take shi ake kira gwani. Dattijon ya riƙe hannuna ya ce, “A'a, ɗana, kada ka yi. Ya fi shekara 30 bai tashi ba. Kawo shi gidana gobe mu gwada shi tukuna.” Gaskiyarsa ce, kuma wannan ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe.

Injin bugu biyu ta cikin akwatin karanshaf yake numfashi. Cakuɗen iska da fetur nan yake fara shiga kafin ya hau silinda, don haka dole akwatin ya zama a rufe ruf. Robobi biyu ne ke rufe shi, sil na hagu da na dama a kan karanshaf, kuma roba mai shekara 50 ta zama kamar busasshiyar fata. Idan na hagu, wajen maganeto, ya saki, iska yake zuƙowa, fetur ya yi kaɗan, inji ya yi zafi, ya riƙa ɗaga murya shi kaɗai, ƙarshe fistin ya kama jikin silinda ko ya huje. Idan na dama ne, man giya yake tsotsa, sai farin hayaƙi mai kauri, fulogi ya jiƙe, man giya yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Injin da yake haka zai iya tashi da kik na uku, ya yi daɗin ji, ya mutu a minti na goma da ɓarnar da ta fi kuɗin babur ɗin.

Garejin dattijon ya fi ɗakin zamansa tsabta. Kowace sifana da ƙusarta a bango. Ya ba ni benci, ya ba ni kayan aikinsa, ya ƙi karɓar ko sisi. Mun cire kafireta da salansa, muka toshe ƙofofin biyu, muka sauke fistin ƙasa, muka hura iska fam 6 da famfon hannu mai agogo. Ba a wuce fam 8, kar a fitar da sil mai lafiya daga mazauninsa. Inji mai kyau zai riƙe na minti 5 ko 6 allura ba ta motsa ba. Namu ya zube kafin minti ɗaya, kuma ruwan sabulu ya yi kumfa a bayan maganeto. Matsin silinda ya nuna fam 95, alhali lafiyayye yana kaiwa 120 zuwa sama.

Wajen kwancewa akwai tarko biyu. Sukurorin baburan Japan na da kama da masu kan kuros na yau da kullum, amma ma'auninsu na Japan ne, wato JIS, sukudireban kuros yana zamewa ya cinye kan. A nemi na JIS, ko wanda ake bugawa da guduma. Na biyu, cire maganeto yana buƙatar abin jansa na musamman, milimita 27, zarensa na hagu. Wanda ya sa guduma ko ƙarfe ya ɓanɓare shi ya lanƙwasa karanshaf. Bayan an cire shi da farantin kwayil, sil na hagu yana fita ta waje. Na dama sai an cire murfi da kuloci da giyar farko. Ba sai an raba akwatin inji biyu ba, muddin boris suna lafiya. Gwajinsu shi ne a kama bakin karanshaf a jijjiga sama da ƙasa, a kama sandar fistin ma haka. Motsin gefe kaɗan daidai ne, na sama da ƙasa kuwa ko ɗis ba a yarda da shi ba.

Silindar tana da zane da farce ke kamawa, don haka sai gundura. Fistin na ƙari yana zuwa 0.25, 0.50, 0.75 da milimita 1. A tsaya a mafi ƙanƙanta da zai share zanen, domin silindar ba a ƙera ta kuma. A sayi fistin tukuna a kai wa mai gundura tare da silinda, ya bar tazarar milimita 0.04 zuwa 0.05 tsakanin fistin da silinda, ya kuma goge kaifin bakin ƙofofi, in ba haka ba ringi zai maƙale ya karye. Kibiyar kan fistin tana kallon salansa. Kilif na fin sababbi ake sawa kullum.

Kafireta Mikuni VM24 ce. Jet ɗin silo, ƙaramin nan, shi ne ke toshewa, kuma shi ne dalilin babur da ba ya tsayawa sai da cok. A jiƙa a hura, kada a soka masa waya ta faɗaɗa ramin. Tazarar kontak milimita 0.3 zuwa 0.4, wuta kuma tana tashi saura milimita 1.8 fistin ya kai ƙololuwa. Da agogon awo a ramin fulogi ake saita wannan, ba da ido ba.

Kan famfon Autolube, wato famfon baƙin mai da ke zuba wa inji mai da kansa, muka yi doguwar magana. Mutane da yawa suna cire shi su koma haɗa mai da hannu, 32 bisa 1, wato kamar mililita 31 a kowace lita. A Yamaha hakan yana yiwuwa, domin famfon a hanyar shigar fetur yake zuba mai, sai dai a ƙara girman babban jet tunda mai ya ci gurbin fetur. A Suzuki masu CCI kuwa, wato nasu tsarin famfon mai, famfon yana kai mai ga boris na karanshaf kai tsaye, cire shi kashe inji ne. Ra'ayina a bar famfon. A cire sukurun fitar da iska har mai ya fito babu kumfa, a duba ƙaramar tafiyarsa ta zama milimita 0.20 zuwa 0.25, a haɗa mai a tankin farko har a ga layin yana ja.

Tsadar kayan ado ce ta ɓata mini rai. Sil biyu da gaskit da kontak da ringi, abin da ke raya inji, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Amma tambarin tanki na asali, ko agogon gudu a kwalinsa, ana neman abin da ya kusa rabin kuɗin babur. Kuma su ake rububi. Na ga babura da aka kashe wa dukiya a fenti da kurom, taya tana ɗauke da lambar shekara mai harufa uku, wato tun kafin 2000 aka yi ta, kuma ba a taɓa buɗe birki an ga ko fatar ta rabu da ƙarfenta ba. Wannan ganganci ne da rai. Feturin Amurka ma sai an kula: yawancinsa yana da kashi 10 na etanol, yana cin tsohuwar roba, yana narka tankunan faiba na baburan Sifen.

Tankin namu ƙarfe ne. Mun zuba notuna muka girgiza, muka cika shi da ruwan binega, daga baya muka ɗauraye da ruwan soda, muka busar nan take muka shafe cikinsa da man inji.

Na leƙa gidan tarihin babura na AMA a Pickerington, gab da Kolombus. Ya cancanci rabin yini.

A hanyar dawowa wani jami'i a filin jirgi ya ciro kafireta daga jakata, ya sunsuna, ya jefa ta a kwando ba tare da ya dube ni ba. Dokar tana tare da shi, kayan inji mai warin fetur ba ya hawa jirgi, amma magana ɗaya da ta wadatar. Mai niyyar ɗauko irin wannan ya wanke ta har warin ya fita, ko ya aika ta daban. Babur ɗin yana garejin dattijon, silinda tana wajen mai gundura, sai ta dawo a sake gwajin iska kafin a zuba masa fetur.