Wasiƙa Daga Landan: A Duba Bango Kafin A Sayi Ƙusa

Zuwa ga iyayenmu da 'yan uwa na ƙauyukan Kano da Jigawa, musamman kafintoci, magina da mata masu jeren ɗakin amarya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan an kai amfanin gona gida lafiya. Mun san kaka ta yi, bukukuwa sun kankama, akori-kura na ta sauke gado da wadirob a ƙofar gidaje. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan abin da ba a cika sawa a lissafin kayan ɗaki ba, wato yadda za a ɗaure wadirob da kabet da talabijin a jikin bango don kada su rufto wa yaro.

Dogon wadirob nauyin bayansa ne ke tsayar da shi. Da zarar an buɗe ƙofofinsa duka, ballantana masu madubi, ko an jawo durowa biyu cike da atamfofi, nauyin ya dawo gaba. Sai ɗan shekara uku ya taka durowar ƙasa yana miƙa hannu ga rimot ɗin da aka ɓoye masa a sama. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 daga kasuwar Amurka saboda irin wannan faɗuwa ta kashe yara, kuma a ƙarshen 2022 ƙasar ta yi doka a kai. Yanzu ana gwada kayan da nauyin wajen kilo 27, kwatankwacin yaro ya rataya. Wannan fa a shimfiɗaɗɗen daɓe ke nan, ina ga ɗakin da ke da tudu da kwari a ƙarƙashin leda.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a je shago a ce a ba da ƙusar da za ta riƙe wadirob. Bango ne ke riƙewa, ƙusa 'yar aike ce. Kuma kada bidiyon YouTube ya ruɗe ku. Yawancin bangayen cikin gida a Amurka, da na sababbin gidaje a nan Ingila, allo ne mai kaurin milimita 12 ko 13 da aka kafa a kan katako, bayansa fanko. 'Yan maƙalai masu fukafukai da ake nunawa, da waɗanda ke zuwa a cikin kwalin kayan waje, sau da yawa na wannan allon ne. A bangon tubali ba su da aikin yi.

A fara da huda ɗan ƙaramin rami a inda kayan zai rufe, a duba garin da ya fito. Fari-fari mai yashi, bulon siminti ne. In bakin injin huda ya yi tafiya kaɗan sai ya zurma, an faɗa kogon bulo. In ya cije yana fitar da toka-toka, kankare ne, ko lintal, wato kankaren saman ƙofa ko taga, ko ginshiƙi. Ja mai laushi, ƙasa ce, ko da an shafe ta da siminti.

A bulon siminti mai kyau fisha ce magani, wato robar nan da ake cusawa a rami sukuru ya buɗa ta. Sunan ya samo asali daga Artur Fischer, Bajamushen da ya fito da ta roba a 1958. Ga wadirob da kabet, fisha mai lamba 8 ta isa, da bakin huda na milimita 8, da sukuru mai kaurin milimita 5 ko 6. Tsawon fishar santimita 4 ne, don haka ramin ya fi ta zurfi da santimita 1. A naɗa salatif a jikin bakin hudar daidai inda za a tsaya. Filasta ba ta cikin lissafi: kaurinta ya kai santimita 1 da rabi kuma ba ta riƙe komai, sai a tura fishar ta wuce ta, ta zauna cikin bulon kansa. Tsawon sukuru kuwa a haɗa kaurin abin da za a ɗaure, da na filasta, da tsawon fisha, a ƙara rabin santimita don bakinsa ya fita ta ƙarshenta. Gajeren sukuru ba ya buɗa ta, sai a ga ana juyawa ba ya cijewa. Kafin a sa fisha a hure ƙurar ramin da famfon keke ko bututun biro, ido a rufe. Ƙurar nan in ta zauna, ita ke sa fisha ta zamo waje kamar an shafa mata mai.

Bulo mai kogo yana son lallaɓawa. A kashe dukan guduma na injin, a bar shi yana juyi kawai, domin dukan yana ɓantare bulon ta ciki ya rage naman da fisha za ta kama. A nemi irin fishar da ke dunƙulewa a bayan kogo in an ɗaure ta. Babban bol na ƙarfe mai buɗewa, wanda wasu ke ganin ya fi ƙarfi, na kankare ne; a bulo mai kogo tsaga shi yake yi. A kuma bar tazarar aƙalla santimita 10 daga gefen ƙofa ko taga.

Sai bulon da aka yi wa rowar siminti, wanda in ka kankare shi da ƙusa yake zuba kamar garin kwaki. Ba fishar da za ta zauna a cikinsa. A fasa rami a jikin bulon kamar faɗin tafin hannu, a cusa takardar buhun siminti a ƙasan kogon ta tare, a jiƙa wurin, a cika shi da kwaɓin siminti awo ɗaya da yashi awo uku. A riƙa yayyafa ruwa, a bar shi mako guda, sannan a huda. Mai gaggawar hudawa washegari zai sake aiki.

Ƙusar kankare ta agogo ce da kalanda, abubuwan da nauyinsu ke ja ƙasa. Wadirob in zai faɗi, waje yake fizgo ƙusa, kuma nan ne ba ta da ƙarfi. Haka tsohuwar dabarar feƙe ice a dunƙuma a rami: da damina ya kumbura ya riƙe gam, hunturu na busawa ya motse, har da yatsa a zare shi.

Ginin ƙasa shi ne inda muka fi so a natsu, don shi ne a yawancin gidajenmu. Ƙasa ba ta jure matsi a wuri ɗan ƙarami. Fisha na buɗewa take marmashe gefen ramin. Shafen siminti da ke kai ma yaudara ce. A ƙwanƙwasa shi, in ya yi amo kamar ganga to ya riga ya rabu da bangon, duk abin da aka ɗaura masa tare za su sauko. Abin da ke aiki shi ne a ratsa bangon gaba ɗaya da rodi mai zare na milimita 10, wanda ya fi kaurin bangon da santimita 10. Ta waje a sa farantin ƙarfe mai faɗin santimita 15 kowane gefe, mai walda zai yanka ya huda, sai washa da noti. Ta ciki rodi biyu su riƙe katako mai kaurin inci 2 a kwance, daidai da saman wadirob, sai a ɗaure wadirob ɗin a jikin katakon. Ta haka nauyi ya bazu a faɗin bango. Ramin ya ɗan sunkuya ta waje don kada ruwan sama ya bi rodi ya shigo, a kuma toshe bakinsa da kwalta ko yaɓe. A shafe katakon da maganin gara ko baƙin mai kafin a kafa. Noti a ɗaure shi har ya zauna, ban da murɗewa da ƙarfin tsiya, don farantin zai nutse cikin ƙasa. A nisanci lungu da bakin ƙofa da duk wata tsaga da aƙalla kamu guda.

In bangon na haɗaka ne da maƙwabci, ko ya tsufa yana jan danshi, a ƙyale shi. A haƙa rami mai zurfin santimita 40 a daɓe, a bayan inda kayan zai tsaya, a dasa bututun ƙarfe na inci 2 da kankare, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Bayan mako guda a ɗaure kayan a jikinsa. Azara kuwa a bar ta da nauyin rufinta.

Ɗaya gefen kuma, wato jikin kayan, nan kafintoci da yawa ke sakaci. Allon bayan wadirob siririn falawud ne da aka kama da ƙananan ƙusoshi, in aka ɗaure ta nan shi kaɗai zai saura a bango. A kama saman wadirob ko katakon firam ɗinsa da ƙarfe mai kusurwa guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kayan zamani na matsattsen garin katako ba sa riƙe sukuru, musamman ta gefe, sai a huda a ratsa da ƙaramin bol da faffaɗar washa ta ciki. A sa 'yar ɓallin katako a ƙarƙashin ƙafafun gaba don wadirob ɗin ya ɗan jingina baya. Masu jere kuma don Allah, manyan tukwane da tangaran a ƙasa, robobi a sama.

Talabijin na bango yana son sukuru huɗu, fisha mai lamba 10, na sama biyun su ne ke shan wahala. Batirin sola babba ya haura kilo 50, wurinsa ƙasa a kan benci, ba kanta ba. Kafin kowace huda a kashe wuta, kuma kada a huda saitin soket ko makunni ta sama ko ta ƙasa, don nan waya ke bi.

In an gama, babba ya kama saman kayan da hannu biyu ya jawo da ƙarfi, ƙofofi a buɗe. In gari ya zubo daga bakin ramin ko an ji motsi, a canja wuri, a matsa aƙalla taƙi guda. A ginin ƙasa a sake gwada notin bayan damina ta ɗauke, don bango yana shan ruwa ya kumbura sannan ya koma.

A gaida mutan gida. Wassalam.

'Yan uwanku masu sana'ar gini da kafinta a Landan.