Karatun dare a ɗakin Inna

Da aka yi wa Inna aikin yanar ido bara, ta yi makonni ba ta son hasken talabijin. Ni nake kwana da ita a gidanmu na Tudun Wada, sai ta ce in riƙa karanta mata wani abu bayan isha'i kafin barci ya zo.

Na fara da abin da ke wayata, littattafan nan da ake saye shafi-shafi a WhatsApp, na 'yan fashi da jami'an sirri. Idan da ido kike bin su, gudu suke kamar ruwa a gangare. Da na ɗora su a baki sai asirinsu ya tonu. A dare na uku Inna ta katse ni: "Ke, yarinyar nan tun jiya take shirin fita, har yanzu ba ta gama ɗaura ɗankwali ba?" Ashe da ido tsallake ciko nake yi ban sani ba.

Sai na koma na Turanci, ina karantawa ina juya mata da Hausa. Na ɗauko Born on a Tuesday na Elnathan John, haifaffen nan Kaduna, labarin wani almajiri Ɗantala da rikicin zaɓe ya kora har Sakkwato. Na zaci zan sha wuya, sai na tarar mutanen ciki dama da Hausa suke magana, Turancin riga ce kawai aka sa musu. Ko sunan littafin ban fassara ba, Inna na jin Ɗantala ta ce ai ranar Talata aka haife shi.

The Hundred Wells of Salaga na Ayesha Harruna Attah, 'yar Gana, wanda ya fito a 2018, shi ya fi cin mana lokaci, don kowane shafi sai mun tsaya. Labarin kasuwar bayi ne a Salaga, wani gari a ƙasar Gwanja da ke arewacin Gana ta yau, a ƙarshen ƙarni na 19. Ni sunan garin ma baƙo ne a kunnena, amma da aka ambaci Gwanja sai Inna ta gyara zama, ta shiga ba ni labarin fataken goro da ta ji a bakin kakarta. Wasu dararen ita ke magana, littafin na rufe a cinyata.

Wanda na yi kuskuren ɗauka ban fara dubawa ni kaɗai ba shi ne Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na Najeriya, NLNG, a 2016, dala 100,000. Hajiya Binta, mai shekara 55 da mijinta ya rasu, ita ce ta faɗa soyayya da Reza, ɗan daba mai sayar da wiwi, sa'an ɗanta. Ta yaya zan faɗi wannan a gaban mahaifiyata? Na dinga tsallake shafuka ina tarin ƙarya. Inna ta ce, "Na ji takarda ta motsa sau uku, magana ɗaya kika yi." Tun daga nan duk littafin da zan kai ɗakinta sai na riga ta karantawa da rana.

Duk da haka ba ta yarda mu ajiye shi ba. Abin da ya riƙe ta shi ne Yaro, ɗan farin Binta, wanda kunya ta hana ta kiran sunansa har ya bar duniya. Da muka zo wurin Inna ta yi shiru mai tsawo, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can sai ta ce, "Kira min yayanki a waya."

Goma ta wuce. Ya ɗauka a firgice yana tambaya ko lafiya. Ta tambaye shi yara, ta tambaye shi aiki, ta sa masa albarka, ta miƙo min wayar. Sunan dai ba ta faɗa ba.