Wajen masu baƙaƙen riguna a titin Konwiktorska

Daga Krakow na shiga jirgin ƙasa zuwa Warsaw, babban birnin Poland, ranar wata Asabar, da niyyar kallon ƙwallo. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya ɗauka ƙungiyar Legia zan je gani, domin ita ce mai garin, har bangon gidaje an cika da tambarinta. Ni kuwa Polonia na nufa, wadda ke rukuni na biyu. Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauka a tashar Dworzec Gdański, na taka da ƙafa zuwa titin Konwiktorska, lamba 6.

Filin ƙarami ne, kuma tsufa ya nuna a jikinsa. Sai dai ƙungiyar ta girmi ƙasar Poland ta yau. A 1911 aka kafa ta, lokacin Warsaw na hannun daular Rasha. Baƙar riga 'yan wasanta ke sawa, magoya baya kuma suna cewa makokin ƙasarsu ne da maƙwabta suka yi wa rabon gado tana da rai.

A bakin ƙofa hayaƙin gasasshen tsiran alade ya turnuke, ni dai na wuce na sayi shayi. Wani dattijo mai baƙin mayafi a wuya ya tambaye ni daga ina. Ina cewa Najeriya, ya kama hannuna ya ƙi saki, yana ta maimaita sunan Olisadebe. Emmanuel Olisadebe, haifaffen Warri, ya zo Polonia a 1997, yana cikin waɗanda suka ci mata gasar ƙasar a 2000. A shekarar aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, ƙwallayensa suka taimaka wa Poland ta je gasar cin kofin duniya ta 2002, bayan rabonta da gasar tun 1986. Ba ko'ina aka yi masa maraba ba, akwai filin da aka jefe shi da ayaba. A nan kam, albarkacinsa na samu wurin zama da mai fassara kyauta.

Dattijon ya fi son maganar 1946. Yaƙin duniya na biyu ya mayar da Warsaw kufai, 'yan wasa da magoya baya da yawa sun mutu, amma a haka Polonia ta zama zakarar farko bayan yaƙin. Da 'yan gurguzu suka kama mulki, sai aka raba wa ƙungiyoyi iyayen gida: Legia ta sojoji ce, Polonia aka haɗa ta da ma'aikatar jirgin ƙasa, har suna aka sauya mata. Ta ci kofin ƙasa a 1952, ta faɗi daga babban rukuni a shekarar, ba ta dawo ba sai 1993. Shekara arba'in ke nan. Mutum ya yi ƙuruciya, ya yi aure, ya yi jikoki, bai ga ƙungiyarsa a sama ba.

Tarihi ya maimaita kansa a 2013. Bashi ya yi mata katutu, aka hana ta lasisi, ta gangara har rukuni na biyar, tana buga wasa da ƙungiyoyin ƙananan garuruwa. Wani ɗan kasuwa Bafaranshe, Grégoire Nitot, ya saye ta a 2020, ta yi ta hawa har ta kai rukuni na biyu a 2023.

Masu waƙa suna ɓangaren da suke kira Kamienna, a tsaye, da ganga da mai ba da baiti yana riƙe da lasifika, bai ko kallon fili. Sun yi shekaru suna abota ta amana da magoya bayan ƙungiyar Cracovia ta Krakow, don haka da na ce daga can na taso, daraja ta ƙara mini. A ganina, abin da ya bambanta su da masoyan manyan ƙungiyoyi shi ne ba sa ɗaukar nasara a matsayin haƙƙinsu. Ɗan wasa ya yi kuskure, su yi tsaki, waƙa ta ci gaba.

Da aka tashi, dattijon ya miƙa hannu ya zuge mini rigar sanyi har wuya. Ya ce jirgin da zan koma da shi cike yake da 'yan Legia, gara in rufe baƙin mayafin da na saya.