Neman Masauki Ga Mutanen Da Ba Su Taɓa Ganin Juna Ba

Mu masu sha'awar ɗaukar hoto ne. A intanet muka haɗu, a nan muka shaƙu, a nan muke faɗa mu shirya. Wasunmu har sun san sunayen 'ya'yan juna, amma da za a yi kiciɓis a hanya ba wanda zai gane wani. Da aka yanke shawarar a haɗu ido da ido, gardamar gari kaɗai ta ci makonni. A ƙarshe aka tsayar da wani birni da ba na kowa ba, saboda yana da filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da babbar tashar mota. Saura wurin kwana da zauren taro na mutum 60 da suka ce za su zo. Aka ce a tura mutum biyu su gano da ido: ni da wani dattijon cikinmu da kowa ke kira Baba, wanda gwiwa ke damunsa. Gwiwar nan ta yi mana aiki fiye da duk tambayoyin da 'yan ƙungiya suka cika mini waya da su.

A jirgin ƙasa muka haɗu. Da tsohuwar jakar kyamararsa na gane shi, don na sha ganinta a hotuna. Na russuna na gaishe shi, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne mai yawan musun nan? Ashe yaro ne kai!" Tun kafin jirgi ya tashi ya kafa mini sharaɗi: za mu sauka da yamma, lokacin da ma'aikata ke tashi, kuma ba za mu hau motar kowane otal ba. Yadda mutanenmu za su zo da jaka a hannu, haka mu ma za mu je.

Otal ɗin da ya fi samun ƙuri'a a wajen 'yan ƙungiya yana bayan gari. A taswirar waya kamar ka miƙa hannu ka taɓa shi. A kan titi kuwa, da cunkoson yamma da wata gada da kowa sai ya bi ta, sai da duhu ya rufa muka isa. Wuri ne mai kyau, ba ƙarya, taurari huɗu a jikin ƙofa. Su taurarin nan ba ma'auni ɗaya ba ne a duniya. Kowace ƙasa da tsarinta, wasu ƙasashen Turai ma sai a 2009 suka haɗu suka kafa ma'auni na bai-ɗaya, akwai kuma wuraren da otal shi ke liƙa wa kansa. Inda ake bin ƙa'idar ma, yawanci kayan da ke wurin ake ƙirgawa, kamar lif da girman ɗaki da sa'o'in da ake samun mai karɓar baƙi. Ba tauraron da zai gaya maka ko wanda ke kujerar baya zai ji mai magana.

Da safe aka buɗe mana zauren. Muka kalli juna da Baba muka yi dariya, don mun san sirrin. Da madubin kyamara mai faɗi aka ɗauke shi, daga kusurwa, a durƙushe, shi ya sa a hoto yake kamar filin ƙwallo. Mai ɗaukar ya kuma tsaya a daidai inda wani ƙaton ginshiƙi da ke tsakiyar ɗakin ba zai fito ba. Manajan ya ce zauren yana cin mutum 100. Gaskiya ya faɗa, amma in an jera kujeru zalla a layi, inda kowa ke cin wajen murabba'in mita ɗaya. Mu kuwa tebura muke so, don kowa zai baje kyamara da kwamfuta, kuma da zarar tebur ya shigo, adadin nan ya kusa rabewa biyu. Sai Baba ya taka zuwa bangon hagu ya ƙwanƙwasa da sandarsa. Ashe ba bango ba ne, shinge ne mai naɗewa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ranar da muke so, wa ya kama wancan gefen?" Manajan ya duba littafi ya ce masu biki ne, da makaɗa. Muka yi godiya.

Mun leƙa wasu wuraren da ba su cancanci dogon bayani ba. Wani zaurensa na hawa na biyu babu lif, Baba ya tsaya a ƙasan bene ya ce shi ya gama dubawa. Wani kuwa zaure mai kyau ne amma babu ɗakunan kwana, sai an riƙa kwasar mutane a mota safe da dare, wanda ke nufin rabin taron zai ƙare a jiran waɗanda ba su fito ba.

Wanda ya kwanta mana a rai ba ya ma cikin na gaba-gaba a jerinmu. Tsohon gini ne kusa da tashar jirgin ƙasa, da ƙafa muka je. Sharhin da aka yi masa a intanet ba yabo ba fallasa. Ni dama ba maki nake kallo ba. Na fi karanta ƙorafin watannin baya-bayan nan, in ga ko abu ɗaya ake ta maimaitawa. Akwai kuma bambanci tsakanin shafukan da ake rubuta sharhin otal-otal: a TripAdvisor kowa na iya rubuta sharhi, a Booking.com kuwa wanda ya kama ɗaki ta hannunsu ake gayyata ya rubuta. Ƙorafin da ake yi wa wannan otal na tsufan kafet ne da ƙanƙantar talabijin, abin da ba ya hana taro.

Ba mu ce mu waye ba. Muka kama ɗaki mai gado biyu kamar kowane baƙo, don wanda aka san ya zo da cinikin ɗakuna 30 ɗakin da ya fi kowanne ake nuna masa. Da dare, sa'ad da kowa ya dawo ya hau waya, na gwada intanet ɗin da loda manyan hotuna, ya ɗauka. Baba kuma ya tsaya yana karanta taswirar hanyar tsira da ke bayan ƙofa, sannan ya ce in biyo shi. Muka bi matattakalar gaggawa, yana dafa bango, har ƙofar ƙasa. Ya tura ta, ta buɗe. A wani otal da muka duba da rana, kujeru aka jibge a bayan irin wannan ƙofa. Ya tuna mini gobarar otal ɗin MGM Grand a Las Vegas ta Amurka a 1980, wadda ta ci mutum 85, yawancinsu hayaƙi ne ya kashe su a benayen sama, ba wuta ba.

Abin da ya yanke hukunci dai ba zauren ba ne. Tsakanin teburin karɓar baƙi da zauren akwai wani fili mai rumfa da kujeru a warwatse, ba a rufe shi da dare, ba kuma mai zuwa ya tsaya maka a ka sai ka sayi wani abu. Mun zauna a nan da Baba har dare ya raba, muna hirar da shekaru ba mu yi ta a rubuce ba. A ra'ayina, mutanen da suka saba da juna ta waya ba lacca ce ke kawo su ba. Lacca dalili ce kawai ta neman izini a gida da wurin aiki. Abin da suke so shi ne wurin da za su zauna ba jadawali, mai kunya ya raɓe a gefe har ya ji muryar da ya gane. Ga shi kuma a titin baya akwai ƙananan masaukai masu sauƙin kuɗi, titin da haske, don haka wanda aljihunsa bai kai ba zai kwana can ya tako, ba sai ya bayyana wa kowa dalili ba.

Washegari muka gabatar da kanmu, aka kawo takardar yarjejeniya. Nan ne aikin ya fi ɗaci. Otal zai ware mana ɗakuna a farashin rukuni har zuwa wata rana, bayan ta ya saki waɗanda ba a kama ba. Amma can ƙasa an rubuta cewa in ba mu cika kashi 80 cikin 100 na ɗakunan ba, mu za mu biya giɓin. Wanda ya san mutanen intanet ya san "ina nan zuwa" ba ta da tsada. Muka roƙi a rage adadin da aka ware, da damar ƙarawa in akwai sarari, kowa kuma ya biya ɗakinsa kai tsaye, kada kuɗin jama'a ya taru a hannun mutum ɗaya. Muka sa aka rubuta abin da zai faru da kafin alƙalami in wani abu da ya fi ƙarfin kowa ya hana taron, don tun annobar korona ta 2020 ba mai wasa da wannan sakin layin. Na tambayi kuɗin makirufo da majigi da na ƙarin sa'a, duk ashe daban suke. Aka kuma yarda a ajiye wa masu saukar safe jakunkunansu, tunda sai ƙarfe 2 na rana ake ba da ɗaki.

Ba mu sa hannu ba, don ba mu aka ba wannan ikon ba. A jirgin komowa Baba ya miƙe ƙafarsa ya yi barci, ni kuma na tura wa 'yan ƙungiya hotunan zauren da na ɗauka a tsaye daga bakin ƙofa, da madubi na daidai, har da tabon da ke kan kafet. Kafin mu kai tasha ta gaba mutum 12 sun kama ɗaki, wani kuma yana tambaya me ya sa ba a zaɓi mai wurin ninƙaya ba.